Dutsen Zagami da Gudumar da Aka Saki a Wata

Ranar Laraba, 3 ga Oktoba 1962, abubuwa biyu suka sauko daga sararin samaniya, kuma kowanne ƙasar Hausa na cikin labarinsa. Na farko an yi masa shiri na shekaru, duniya kuma na biye da shi ta rediyo. Kumbon Amurka ne mai suna Sigma 7, ɗauke da ɗan sama jannati Walter Schirra, wanda ya kewaya duniya sau 6 cikin awa 9 da 'yan mintoci, sannan ya buɗe lema ya sauka a tekun Fasifik. Cikin tashoshin da Amurkawa suka kakkafa a sassan duniya don bin sawun kumbunansu na wancan zamani, ɗaya a Kano take. Na biyun kuwa ba wanda ya gayyace shi, ba kuma tashar da ta hango shi. A gonar wani talaka ya sauka, kusa da Dutsen Zagami a ƙasar Faskari.

Wanda ya taso daga Gusau ya kama hanyar Funtuwa, ya bar Kwatarkwashi ta ƙasar Bungudu a baya, ya wuce Tsafe, to da ya ƙetare iyaka ƙasar Faskari ya shiga. A lokacin ɓangaren Tsafe yana Lardin Sakkwato, na Faskari yana Lardin Katsina, amma rabon na takarda ne. Yankin Katsinan Laka ne tun da can, shi ya sa har gobe sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa. Tsakanin inda dutsen ya faɗi da garin Tsafe bai kai kilomita 50 ba. Da yake al'adar masana ce su raɗa wa dutsen sama sunan wurin da ya sauka, saura ƙiris da yau da sunan wani ƙauyen Zamfara duniya ke kiransa.

Kaka ce, hatsi ya nuna, manomin yana korar hankaki daga gonarsa. Sai ya ji ƙara kamar aradu, iska ta bangaje shi, wani abu ya daki ƙasa kamar ƙafa 10 daga inda yake tsaye. Ya dakata tukuna don tsoron kada abin ya fashe, sannan ya matsa. Rami ya tarar mai zurfin kamar ƙafa 2, a cikinsa baƙin dutse. Da aka ɗora shi a sikeli kilo 18 ya yi. Aka aika da shi Kaduna, ofishin masu binciken duwatsu da ma'adinai, aka ajiye. Kwana biyu kafin nan aka yi bikin cika shekara 2 da samun 'yancin kai, washegarin faɗuwarsa kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Mutanen Arewa na da abin da ya fi dutse ɗaukar hankali a wannan mako.

To amma akwai abin tambaya a cikin ramin nan. Duk abin da ya taso daga nesa ya faɗo wa duniya, ba ya shigowa da gudun da ya gaza kilomita 11 a sakan guda. A wannan gudu, kowane kilo na dutse yana ɗauke da makamashin da ya fi wanda za a samu in an ƙona kilo guda na fetur. Yaya aka yi mutum ya tsaya taku uku ko huɗu daga inda ya sauka, kuma ya koma gida da ƙafafunsa? Ina sauran ƙarfin ya tafi? Amsar gajeriya ce, amma sai da 'yan Adam suka yi fiye da shekara 2,000 suna musu kafin su same ta, kuma ba a nuna ta ƙarara a idon kowa ba sai a doron Wata.

Musun ya faro ne daga Aristo, malamin Girkawa. Shi ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa, gwargwadon fifikon nauyinsa. Maganar ta zauna daram domin ido ma haka yake gani: saki dutse da ganye, dutsen ne zai riga. Sai a ƙarni na 6 wani malamin Iskandariyya ta Masar, wanda Larabawa suka sani da Yahaya an-Nahwi, ya ce a gwada mana. In ka saki abubuwa biyu masu nauyi, ɗaya ya ninka ɗaya sau da yawa, bambancin lokacin saukarsu ɗan kaɗan ne. Littattafansa sun shiga Larabci, malaman Musulunci suka ɗora a kai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da mai jifa ya zuba masa, kuma da a ce babu iska da za ta tare shi, karkatar ba za ta ƙare don kanta ba. Bayansa Abul Barakat al-Baghdadi, a ƙarni na 12, ya bayyana dalilin da ya sa abu ke ƙara gudu yana faɗuwa: jan da ake yi masa bai tsaya ba, don haka gudu ke hawa kan gudu. Ba su sa lamba a kan maganar ba, amma hanyar suka kama.

Lamba ta zo daga Turai. A 1586 Simon Stevin da wani abokinsa suka hau wani gini a garin Delft na ƙasar Holan, suka saki dunƙulen dalma biyu daga tsayin ƙafa 30, ɗaya ya ninka ɗaya sau 10. Ƙarar saukarsu a kan katako kamar guda aka ji. Galileo na Italiya ya fi su dabara. Da ya ga faɗuwa ta fi ƙarfin agogon zamaninsa, sai ya rage mata sauri: ya riƙa gangaro da ƙwallo a kan katako mai gangara, yana auna lokaci da ruwan da ke tsiyaya daga tulu. Ya gano cewa in lokaci ya ninka biyu, nisan da aka ci huɗu yake ninkawa. Ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan daraja a wurina: gudun da ƙwallo ke isa ƙasa da shi bai damu da tsawon gangarar ba, tsayin da ya sauko kawai yake kallo. A littafinsa na 1638, wanda aka buga a Leiden yana tsare a gida idanunsa sun mutu, ya ce da za a kawar da iska gaba ɗaya, da ulu da dalma tare za su sauka. Labarin da ake yawan bayarwa na hawansa hasumiyar Pisa daga bakin almajirinsa ya fito, masu tarihi da yawa ba su gamsu da shi ba.

Daga nan musun ya sauya fuska. An yarda abu mai gudu yana ɗauke da wani abu, amma da me za a auna shi? Mabiya masanin nan Descartes suka ce kilo sau gudu. Leibniz na Jamus ya tashi a 1686 ya ce a'a, kilo sau gudu sau gudu. Aka shekara kusan 40 ana jayayya da alƙalami, har sai da wani malamin jami'ar Leiden, Willem Gravesande, ya ɗauko yumɓu. A 1722 ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla daga tsayi daban-daban a kan yumɓu mai laushi, yana auna gurbin da kowanne ya bari. Ƙwallon da ya sauka da ninkin gudu, gurbinsa huɗu ya ninka. Wanda ya ninka gudu uku, gurbinsa tara. Shi kansa Gravesande ba a ɓangaren Leibniz yake ba da farko, yumɓun ne ya juya shi. Wata Bafaranshiya, Emilie du Chatelet, wadda ta mai da babban littafin Newton zuwa Faransanci, ita ta tsaya wa wannan sakamako a littafinta na 1740 har ya samu gindin zama. Ramin gonar Zagami ɗan'uwan gurbin yumɓun nan ne: ƙasa ce ta rubuta yawan makamashin da ya iso ta.

Masu injuna ne suka ƙarasa ginin. A 1829 Coriolis, injiniyan Faransa, ya tsai da ma'aunin aiki: ƙarfin da aka sa, sau nisan da aka tura abu. James Joule kuma, ɗan gidan masu sana'ar giya a kusa da Manchester, ya shafe shekarun 1840 yana ɗaure nauyi da igiya, nauyin na sauka yana juya fuka-fukai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana duban ma'aunin zafi. Kullum adadi kaza na faɗuwa, adadi kaza na ɗumi yake bayarwa, ba ƙari ba ragi. A ma'aunin yau, ruwan da ya faɗo daga tsayin mita 427 zai ƙara ɗumi da digiri ɗaya. Likita Robert Mayer a 1842 da Helmholtz a 1847 suka faɗi dokar a dunƙule: makamashi ba ya ƙaruwa, ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Don girmama Joule ne ake auna shi da jul.

Duk tsakar gidan da ake daka, dokar nan na aiki. Mace ta ɗaga taɓarya mai kilo 3 har rabin mita, ta yi aikin jul 15 kenan, wato kilo sau ƙarfin jan ƙasa, 9.8, sau tsayi. Aikin na nan ajiye a tsayin taɓaryar. Tana saukowa ajiyar na raguwa, gudu na ƙaruwa, jimlar biyun ba ta motsi. Da ta daki gero sai duka ya watse: wani ya fasa ƙwaya, wani ya zama lugude da maƙwabta ke ji, saura ya zama ɗumin da hannu ke tararwa a cikin gari. Da a Wata ake dakan, ɗagawar ba za ta ci fiye da jul 2 da rabi ba, amma abin da taɓarya za ta dawo da shi ma ke nan. Sauƙin ɗagawa da raunin bugu tare suke zuwa, sai dai mai daka ta cike gibin da damtsenta.

Dalilin raunin kuwa lissafi ne mai sauƙi. Jikin Wata kashi 1 ne cikin 81 na jikin duniya, amma da yake ƙarami ne, wanda ke tsaye a kansa ya fi kusa da tsakiyarsa: kilomita 1,737, alhali mu muna nesa da tsakiyar tamu da kilomita 6,371. Ƙarancin jiki na rage ja, kusanci na ƙara shi, in an haɗa sai a tashi da kashi 1 cikin 6. Abin da aka saki a nan yana ƙara gudun mita 9.8 a kowane sakan, a can mita 1.62. Wannan raunin ne kuma ya sa Wata bai iya riƙe iska ba.

Ranar 2 ga Agusta 1971, lokacin Gusau na Jihar Arewa maso Yamma, kimanin shekara ɗaya da rabi da ƙarewar yaƙin basasa, David Scott, jagoran tafiyar Apollo 15, ya tsaya gaban kyamara a gindin duwatsun Apennine na Wata. Sun gama fitarsu ta uku, shi da James Irwin, suna shirin komawa. A hannun dama guduma ce ta fasa duwatsu mai kilo 1.32, a hagu gashin shaho, domin kumbon da ya sauke su sunan shaho aka sa masa. Ya ɗaga su kamar mita 1.6, ya ambaci Galileo, ya sake. A hankali suka tafi kafaɗa da kafaɗa, suka taɓa ƙura tare. Shekara 333 ke nan da fitowar littafin Galileo.

Ba sabon ilimi aka samu a ranar ba. Tun zamanin masanan nan Boyle da Newton ake zuƙe iska daga bututun gilashi a saki tsabar kuɗi da gashin tsuntsu su faɗi tare. Abin da Scott ya yi shi ne ya fitar da gwajin daga ɗakin malamai ya kai shi fili, inda ba gilashi ba famfo. Lissafin ya ce daga wannan tsayi faɗuwar za ta ci sakan 1.4, su sauka da gudun mita 2.3 a sakan. A nan duniya gudumar za ta sauka cikin ɗan abin da ya haura rabin sakan, da gudun mita 5.6, gashin kuwa ya yi ta lilo. Sai dai a lura: saukarsu tare ba ta nufin bugunsu ɗaya ba ne. Gudumar ta kai wa ƙura jul 3 da ɗoriya, a nan da jul 21 za ta kai, gashin kuwa abin da ya kai bai taka kara ya karya ba. Dalilin tafiyarsu tare shi ne kilo yana ɓangarorin lissafin biyu. Mai kilo da yawa ajiyarsa ta fi yawa, amma kuma shi ne ya fi wuyar sa wa gudu. Ɗaya ya cinye ɗaya, tsayi da ƙarfin ja kaɗai suka rage.

Hotunan 'yan sama jannati suna tsalle-tsalle sun sa mutane da yawa ɗaukar faɗuwa a Wata wasa ce. A ɗauki Dutsen Kwatarkwashi, wanda aka sani da tsuntsun maiki, a ce an saki dutse daga wani gefe nasa mai tsayin mita 100. Cikin sakan 4 da rabi zai iso ƙasa da gudun mita 44 a sakan. Da a Wata tsaunin yake, sai ya yi sakan 11 a hanya, ya iso da gudun mita 18, kimanin kilomita 65 a awa. Wanda ya taɓa ganin abin da mota ke yi a wannan gudu ba zai kira shi wasa ba. Mita 600 a can daidai suke da mita 100 a nan. Sannan ga inda Wata ya fi mugunta: a nan iska na sa wa faɗuwa iyaka, jikin mutum ba ya wuce kimanin mita 55 a sakan in ya baje hannuwa, komai nisan inda ya faɗo. A can ba iyaka irin wannan. Daga tsayin kilomita ɗaya zuwa sama, wanda ya faɗo a Wata ya fi wanda ya faɗo a duniya gudu. Shi kuwa maiki, da fuka-fukansa da komai, kamar dutse zai sauka.

An ga haka a zahiri a watan Afrilu 2023. Kumbon wani kamfanin Japan, Hakuto-R, ɗauke da ƙaramar motar bincike ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Rashid, ya zo sauka. Da ya wuce ta kan bakin wani babban rami, kwamfutarsa ta ƙi yarda da abin da ma'aunin tsayi ya faɗa mata, ta ɗauka an kusa taɓa ƙasa alhali saura kimanin kilomita 5. Ya yi ta sauka a hankali yana jiran ƙasar da ba ta zo ba, har mai ya ƙare. Daga nan sai lissafin Galileo tsantsa: kusan sakan 80, da gudun da ya kusa kilomita 460 a awa. Wata 4 bayan haka kumbon Rasha, Luna 25, ya tarwatse, kwana 4 tsakani na Indiya, Chandrayaan-3, ya sauka lafiya. Lema ba ta da amfani a can. Kowane jul na gudu sai an kashe shi da wutar roka, shi ya sa kumbon da ya sauke Armstrong da Aldrin a 1969, mai kimanin tan 15, fiye da tan 8 nasa man sauka ne kawai.

Schirra bai buƙaci wannan ɗawainiya ba, haka ma dutsen Zagami, domin su biyun iska ce ta yi musu aikin kyauta. Kumbon ya shigo da gudun kusan kilomita 8 a sakan, garkuwar da ke gindinsa ta ɗauki zafin tana ƙonewa tana zubewa. Dutsen kuwa jikinsa ne garkuwarsa. Tun yana can sama ya riƙa matse iskar da ke gabansa har ta yi zafin da ke narkar da dutse, fatarsa na narkewa iska na sharewa, makamashin na tafiya a haske da zafi da ƙarar da ta bangaje manomin. Baƙin ɓawon da aka gani a jikinsa narkakken dutse ne da ya sandare. Kafin ya iso ƙasa gudun sama ya ƙare, ya koma faɗuwa irin ta kowane dutse. Mai kilo 18 iska ba ta barinsa ya yi nisa da mita 100 a sakan, wato jul 90,000 ko kusa da haka. Abin da ya shigo da shi ya haura jul biliyan ɗaya. Cikin kashi 10,000, ko ɗaya bai cika ba abin da ya iso gona.

Da a Wata ya faɗa, mafi ƙarancin gudun da zai daki ƙasa da shi kilomita 2.4 ne a sakan, domin shi ne abin da jan Wata kaɗai ke sa wa abin da ya zo daga nesa. Wannan ya haura jul miliyan 50, fiye da ninki 500 na abin da gonar Zagami ta sha, kwatankwacin kilo 12 na nakiya. Yawancin duwatsun ma da ninkin wannan gudu sau da yawa suke zuwa. Ramukan da ke fuskar Wata, waɗanda ko da ƙaramin madubin hangen nesa ana ganinsu, asalinsu ke nan, ƙurar da gudumar Scott ta faɗa a kai ma nikakken dutse ce da irin wannan bugu ya tara a tsawon zamani.

Bahaushe ya daɗe da sanin dutsen da ake cewa daga sama yake, wato gatarin aradu, wanda masu tonon kufai suka gane makami ne da mutanen dauri suka sassaƙa da hannu. Na gaskiyar kuwa sun sha faɗowa a Arewa: Kabo ta ƙasar Kano a 1971, Mayo Belwa a 1974, Gujba a 1984. Amma na Zagami daban yake, ya kuma daɗe yana ba masana ciwon kai. Yawancin duwatsun sama shekarunsu biliyan 4 da rabi ne, sa'annin rana. Wannan kuwa dutsen aman wuta ne da ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, yaro ɗanye in an gwada shi da sauran. Ƙananan duwatsun da ke yawo a sarari sun huce tun farkon zamani, ba su da wutar da za su yi amai a lokacin. Lallai daga babbar duniya ya fito. 'Yan'uwansa kaɗan ne: wanda ya faɗo a Chassigny ta Faransa a 1815, na Shergotty a Indiya a 1865, wanda ya fi kama da shi, da na Nakhla a Masar a 1911. Wajen ƙarshen shekarun 1970 wasu suka fara ambaton duniyar Mars.

Masu lissafin makamashi suka ce ina. Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, lissafi ma ya yarda, amma da sharaɗi. Ja yana raguwa da nisa, saboda haka aikin da ake bukata a kuɓuce wa duniya gaba ɗaya yana da iyaka. Jifan da ya tashi da makamashin da ya haura wannan iyaka ba ya dawowa. A duniyarmu gudun kilomita 11.2 ne a sakan, a Mars 5, a Wata 2.4, kuma lamba ɗaya ce ta fita da ta shigowa, tun da abin da aka biya a hawa shi ake karɓa a sauka. Hujjar masu musu ita ce bugun da zai sa wa dutse gudun kilomita 5 a sakan cikin ƙiftawar ido narkar da shi zai yi, ko ya mai da shi gari. Suka ƙara da wata mai ƙarfi: ga Wata nan kusa, fita daga cikinsa ba ta ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na makamashin fita daga Mars, amma ba a taɓa tsintar dutsensa a duniya ba.

Watan ne ya raba gardamar. A Janairu 1982 masu neman duwatsu a ƙanƙarar Antatika suka tsinci wani ɗan dutse mai giram 31. Aka gwada shi da kilo 382 na duwatsun da tafiye-tafiyen Apollo suka kawo, aka ga ɗan gida ne, ya fito daga Wata ba tare da ya narke ba. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson, a Houston, suka auna iskar da ta maƙale a cikin gilashin wani dutsen Antatika ɗan dangin Shergotty, ta zo daidai da iskar Mars da kumbunan Viking suka auna a 1976. Shekara guda bayan haka Jay Melosh ya bayyana yadda abin ke yiwuwa: in babban dutse ya daki duniya, duwatsun da ke saman ƙasa a gefen wurin suna samun gudun ba tare da sun sha matsin duka ba, sai su yi tsalle su fice. A 1995 Kurt Marti da abokan aikinsa suka samu irin wannan iska a cikin Zagami kansa. Alamar bugun na jikinsa, domin wani ma'adininsa ya koma gilashi ba tare da ya sauya siffa ba. Ya yi kimanin shekara miliyan 3 yana kewaya rana kafin ya gamu da gonar. Har yau duwatsun Mars 5 ne kacal aka shaidi faɗowarsu, na ƙarshe shi ne na Tissint a Maroko a 2011.

Da asalinsa ya fara bayyana, sai kasuwa ta buɗe. A shekarun 1980 wani dillalin duwatsun sama daga Arizona, Robert Haag, ya samu babban yanki daga Kaduna, aka yi ta yanka shi ana sayarwa giram-giram. Yau ɓarɓashin Zagami na gidajen tarihi da ɗakunan bincike da akwatunan masu tara kaya a nahiyoyi da dama. Ranar 7 ga Nuwamba 1996, mako 5 bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara, Amurka ta harba kumbon Mars Global Surveyor, kuma Philip Christensen, masanin da ya jagoranci ƙera ɗaya daga na'urorinsa, ya maƙala ɗan tsinin Zagami a jikinta. Kumbon ya isa a 1997, ya yi aiki har 2006.

Shekaru da yawa Zagami ne dunƙule mafi girma da aka sani daga Mars. Wanda ya karɓe kambun ma daga maƙwabta ya fito. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani mai kilo 24 da rabi da ɗoriya a hamadar yankin Agadas ta Nijar, ranar 16 ga Yuli 2025 kuma kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar, ta dakatar da fitar da duwatsun sama, kamfanin kuma ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. In an raba kuɗin, kowane giram ya tashi a kan fiye da dala 200, kusan ninki biyu na farashin da giram ɗin zinariya yake a kasuwar duniya a watan, zinariyar da samarin Anka da Maru ke shiga rami dominta.